Cibiyar Hikma ta Dandaji

Cibiyar Hikma masallaci ne da ɗakin karatu a garin Dandaji da ke jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar. An kammala ta a shekarar 2018, bisa zanen Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili, 'yar asalin Iran. An samo sunan ne daga Baitul Hikma, gidan ilimin nan na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa.

Tsohon masallacin garin ginin ƙasa ne da ya tsufa, kuma ya yi wa jama'a kaɗan, har aka fara tunanin rushe shi a yi na siminti. Masu zanen suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai ɗaukar mutum 1,000. Magina na gargajiya da suka san tsohon ginin na cikin waɗanda suka yi aikin.

Abin da ya sa ake kafa misali da Hikma a fannin ginin da ba ya cutar da muhalli shi ne tubalinta. Jar ƙasar yankin ake ɗan jiƙawa, a matse ta da inji, a bar ta ta bushe ba tare da an gasa ta ba, don haka ba a ƙona itace. Irin wannan tubali ya fi na hannu jure ruwan sama, bai kuma buƙatar yaɓe kowace shekara, wanda shi ne ke sa mutane gudun ginin ƙasa. Katanga mai kauri tana shanye zafin rana, sai dare ya yi ta sake shi. Dogon rufi da kafofin iska kuma suna fitar da iska mai ɗumi. Duk wanda ya taɓa yin la'asar ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san bambancin. Kankare bai shigo ba sai a wuraren ɗaukar nauyi, kamar ginshiƙai.

Akwai kuma tankin ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina don ban ruwan itatuwan harabar.

A gasar LafargeHolcim ta gine-ginen da ba sa cutar da muhalli, zanen ya ci lambar zinariya ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ta azurfa a matakin duniya a 2018.