Cire Matsarmama ta Ƙananan Huji: Tambayoyi da Amsoshi

Yaya ake yin aikin?
Maimakon a tsaga ciki, likita yakan yi huji 3 ko 4, ɗaya a kusa da cibiya, kowanne bai wuce faɗin yatsa ba. Sai a hura iskar kabon dayoksaid a cikin ciki don a samu sarari, a zura kyamara, a datse bututun matsarmamar da jijiyarta, a zaro ta. Likitan Jamus Erich Mühe ne ya fara yin haka a 1985. Galibi ana sallamar mutum a ranar ko washegari, ya koma harkokinsa cikin kamar mako 2, alhali wanda aka tsaga yakan kai mako 6 yana jinya.

Za a iya rayuwa babu matsarmama?
Ƙwarai. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, matsarmama ma'ajiyarsa ce kawai. Wasu sukan yi gudawa in sun ci ƙosai ko miya mai maiƙo sosai, amma yawanci yana lafawa.

A ciki aka yi min aiki, me ya kawo ciwon kafaɗa?
Ragowar iskar da aka hura ce ke taɓa wata jijiya da ta haɗa da kafaɗa. Ɗan tattaki a tsakar gida na taimakawa, kuma cikin kwana biyu ko uku yake wucewa.

Wace matsala ce ta fi haɗari?
Rauni a babban bututun da ke kai ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji. Bai cika faruwa ba, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma in ya faru babba ne, kuma wani lokacin sai bayan an koma gida yake bayyana. Nan ne hankalina ya fi tashi. Idan idanu suka yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ko zazzaɓi da ciwon ciki suka tsananta, mu nan sai mu ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe. Don Allah kada a yi. A koma asibitin da aka yi aikin a ranar, domin ko bututu ne ya ji rauni, ko ruwan ɗaci ke yoyo a ciki, ko wata tsakuwa ce daga cikin waɗanda kan taru a matsarmama ta rage ta toshe hanya.

Sauran matsalolin su ne zubar jini, ƙwayoyin cuta a bakin huji, da daskarewar jini a ƙafa. Wani lokacin kuma likita kan ga kumburi ya rufe masa gani, ya koma tsagawa. Wannan taka-tsantsan ne, kuma gara haka.

Mai sikila fa?
Masu sikila sun fi yawan samun tsakuwar matsarmama, har yara ma, saboda saurin fashewar ƙwayoyin jininsu. Ana yi musu aikin, amma da shiri: ƙarin ruwa, iskar oksijin, kiyaye su daga sanyi, wani lokacin ƙarin jini kafin a shiga. Bayan aiki, tari ko ciwon ƙirji ko haki a mai sikila, a sanar da likita nan take.