Ma'anar "Taransfozon": Guntun DNA Mai Tsalle

Taransfozon guntun DNA ne (DNA shi ne sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin mai rai) da ba ya zama wuri ɗaya. Wani yakan tsinke daga gurbinsa ya koma wani gurbin. Wani kuma yakan kwafi kansa ya liƙa kwafin a can, shi yana nan daram, kuma irin wannan ne ya fi saurin cika gida. Barbara McClintock, wata masaniya 'yar Amurka, ita ta gano su a shekarun 1940, tana bin diddigin ɗigo-ɗigon launi a jikin tsabar masara. Sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel.

Baƙo ne marar sallama: in ya dira a tsakiyar wani sashen DNA mai amfani, ya ɓata ta. Shi ya sa funfuna da yawa suke da mai gadi da masana ke kira RIP, wanda Eric Selker da abokan aikinsa suka bayyana a 1987 a jikin wata funfuna mai suna Neurospora crassa. Duk inda mai gadin ya ga jerin DNA ya maimaitu, sai ya yi ta sauya harafin C zuwa T a cikinsa (biyu ke nan daga haruffan da ake rubuta jerin DNA da su), har taransfozon ɗin ya gurgunce.

Sai dai mai gadin nan ba kullum yake bakin aiki ba. Lokacin saduwa kawai yake farkawa, bayan jinsi biyu sun haɗu. Funfunar da ta rage saduwa ta koma yaɗuwa ita kaɗai, ta sallami mai gadinta ke nan ba ta sani ba. Blumeria graminis kuwa, funfuna mai sa farar ƙura a ganyen sha'ir, ta rasa RIP ɗin gaba ɗaya, har taransfozon ya mamaye yawancin DNA ɗinta.

A ganina, kuskure ne a ɗauki taransfozon ɓarna zalla, domin wani lokaci yakan amfani funfunar. Dubi Magnaporthe oryzae, funfuna mai ƙona ganyen shinkafa. Shinkafar da ke da ƙwayar kariya ta Pi-ta takan gane funfunar ta wata alama da take fitarwa, AVR-Pita. An samu inda taransfozon mai suna Pot3 ya faɗa daidai makunnin wannan alama ya kashe ta. Funfunar ta shigo ba alama, shinkafar da aka yaba da juriya ta kasa gane ta, ciwo ya kama ta.