Zafin injin mota fiye da kima

Zafin inji fiye da kima, wanda direbobi da makanikai suka fi kira obahitin, yanayi ne da zafin injin mota ke zarce iyakar da aka ƙera shi ya yi aiki a cikinta. Mafi yawan injinan ƙananan motoci masu sanyaya da ruwa suna aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selshiyos, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana zama zafin da ruwan sanyaya ne ke da alhakin kwashe shi. Hawan allurar zafi alama ce kawai ta cewa wani abu ya samu matsala a wannan aiki, saboda haka gyara na gaskiya yana farawa ne da gano wane abu ne.

Yadda inji ke sanyaya

Famfon ruwa, wanda galibi bel ke juya shi, yana tura ruwa ta ramukan da ke gangar jikin inji da kan injin, daga nan ruwan ya bi tiyo zuwa lagireto inda iska ke ɗauke zafinsa, sannan ya komo. A bakin hanyar akwai tamostat, wani ɗan bawul da ke zama a rufe har sai ruwan ya kai zafin da aka tsara masa, sau da yawa tsakanin digiri 80 zuwa 90. Murfin lagireto kuwa ba murfi ba ne kawai, domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa har sai ya haura digiri 120. Murfin da robarsa ta mutu yana iya sa mota tafasa alhali duk sauran kayanta lafiya lau, ga shi kuma yana cikin mafi araha a kayan gyara.

Gano dalili

Ƙwararren makanike yakan fara tambayar lokacin da motar ke ɗaukar zafi. Idan a cunkoso ne ko a tsaye, amma allura ta sauko da zarar an hau buɗaɗɗen titi, to fanka ce abin zargi: ko ɗan injin lantarkin da ke juya ta ya ƙone, ko fiyus ya yanke, ko na'urar da ke tayar da ita ta daina aiki. Idan kuwa sai an yi gudu ko an ɗauki kaya an kama hawa ne zafin ke tashi, an fi samun lagireto a toshe, ko dai daga waje da ƙura da ciyayi, ko daga ciki da tsatsa da dattin da ruwan rijiya ke bari. Idan allura ta haye 'yan mintuna bayan tayar da mota, tiyon sama kuma bai yi zafi ba, alama ce tamostat ya maƙale a rufe.

Ƙarancin ruwa shi ne dalili mafi yawa, sai dai ruwan ba ya ƙarewa haka kawai. Ana duba bakin tiyo, da ƙasan famfo, da inda robar lagireto ta haɗu da ƙarfensa, domin yoyo kan bar busasshen tabo fari ko mai launin ruwan. Inda ido ya kasa gani, akan ɗaura ɗan famfon gwaji a bakin lagireto a cusa iska a ga ko matsin zai sauka. Fambel da ya saki, da iskar da ta maƙale a ciki bayan canjin ruwa, da ƙarancin baƙin mai, duk suna iya haddasa zafin.

Matakin gaggawa

Direban da ya ga allura ta doshi ja ya kamata ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya kunna hita har ƙarshe domin ta janye wani ɓangare na zafin, ya sauka gefen hanya ya kashe inji. Ba a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce, abin da kan ɗauki rabin sa'a ko fiye, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Haka kuma ba a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, saboda ƙarfen na iya tsagewa.

Gyara

A garejoji da dama a Nijeriya an saba cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, musamman a motocin da aka shigo da su daga Turai, bisa tunanin cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Gaskiya ne zafin bazara a Sakkwato ko Yamai yakan wuce digiri 40, amma lafiyayyen lagireto yana iya ɗaukar wannan, kuma cire tamostat ɓoye cutar kawai yake yi. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana ƙara shan mai, yana kuma saurin cinyewa. Abin da ya dace shi ne a canza wanda ya lalace, a wanke lagireto, a zuba ruwan sanyaya na musamman mai sinadarin gilaikol, wanda akan gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa, domin yana hana tsatsa. Ruwan guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, don haka ake nisanta shi daga yara da dabbobi.

Mafi munin sakamako shi ne ƙonewar gaskit, wato siririn faifan da ke hana yoyo tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Alamunsa su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, da kumfa da ke tasowa a lagireto yayin da inji ke aiki. A nan sai an sauke kan injin, a auna shi a ga ko ya lanƙwashe, wanda yakan faru da na alminiyom, a kai shi a goge a daidaita kafin a sa sabon gaskit, sannan a ɗaure kusoshinsa bisa tsari da ƙarfin da kamfanin motar ya ƙayyade.