Hot rod ba motar masu kuɗi ba ce tun asali

Duk wanda ya ga hot rod, wato tsohuwar mota da aka sake haɗa ta don ƙarin gudu, tana ƙyalli a wajen baje kolin motoci a Amurka sai ya ɗauka wasan attajirai ne. Asalinta ba haka yake ba. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara haɗa ta a shekarun 1930, lokacin matsin tattalin arziki, kuma kusan komai daga wajen 'yan gwangwan suke tsinto shi.

Sukan sayi tsohuwar Ford Model A da araha, su cire madigadi, da rufi, da duk ƙarfen da ba ya ƙara gudu. Rage nauyi shi ne rabin aikin, kuma ko sisi ba ya ci. Sannan su ɗora mata injin V8 na Ford, mai silinda takwas, da ya fara fitowa a 1932. Daga baya suka riƙa ciro giya da birki mai amfani da mai daga Ford ta 1939 ko 1940. Wannan birkin ne nake ganin bai kamata mai haɗawa ya yi wa rowa ba.

A busassun tafkunan hamadar Mojabe, irin su Muroc da El Mirage, suke gwada gudunta.