Awon Haske a Ɗaukar Hoto: Afaca, Shota da ISO

Awon haske a harkar hoto shi ne yawan hasken da ake bari ya shiga kyamara ya sauka kan fim ko sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamarar zamani, lokacin da aka danna maɓalli. In hasken ya yi yawa sai hoton ya ƙone, farare su wanke tas ba a ganin komai a cikinsu, in kuma ya yi kaɗan hoton ya fito da duhu. Abubuwa uku ne ke riƙe da wannan awo: faɗin ƙofar da ke cikin lens wadda masu hoto ke ce wa afaca, da tsawon lokacin da shota, wato labulen da ke tare haske a cikin kyamara, ke yi a buɗe, sai kuma ISO, wanda shi ba ya ƙara hasken da ke shiga sai dai ya nuna yadda za a ƙarfafa wanda ya shiga. Duk wanda ya sayi kyamara ya fara koyo a nan yake fara shan wuya, shi ya sa da yawa suke barin ta a kan Auto shekara da shekaru, alhali ba wani lissafi ba ne mai zurfi, ninkawa ce da rabawa biyu kawai.

Asali

Tun farkon wannan sana'a haske ne matsalar. Hoton kyamara mafi tsufa da ya rage a duniya Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi daga tagar gidansa a Faransa wajen 1826 ko 1827, kuma sai da farantin ƙarfen da hoton ya kama a kansa ya sha haske na aƙalla awa takwas, har ana ganin rana ta haska gine-ginen ta ɓangarori biyu saboda ta riga ta juya. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Faris mai suna Boulevard du Temple, titi ne mai cunkoson jama'a da kekunan doki amma a hoton ya fito wayam, don duk abin da ke motsi bai tsaya ba balle ya kama, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, shi ne ya fito. Shekara arba'in bayan nan, a 1878, Eadweard Muybridge a Kalifoniya ta Amurka ya samu shota mai saurin da ya kama doki yana sukuwa ƙafafunsa huɗu duk a sama. Kyamarar da ke auna haske ta saita kanta kuwa sai a 1938 aka fara sayar da ita, wato Super Six-20 ta kamfanin Kodak.

Mataki

Kafin komai sai an gane mataki. Mataki ɗaya na nufin ninka haske sau biyu ko raba shi biyu, kuma da shi ake auna duka ukun, shi ya sa ake iya ragewa a wuri ɗaya a ƙara a wani hasken hoton bai canja ba. Kamar cika bokiti ne a bakin famfo, ruwa na zuwa da ƙarfi ka cika nan take, yana ɗiɗɗiga sai ka jira, bokitin dai ɗaya ne. Yawancin kyamarorin yanzu suna raba kowane mataki gida uku, wato sai ka murza ƙaramar tayar sau uku kafin ka cika mataki ɗaya.

Afaca

Lambobin afaca su ne f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, f/22, kowace tana shigar da rabin hasken ta gabanta. Abin da ke rikita mai koyo shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, babbar lamba kuma ƙaramar ƙofa. Dalili kuwa rabawa ce, ana raba tsawon lens ne da lambar, misali lens mai 50mm a f/2 faɗin ƙofarsa milimita 25 ne, a f/16 kuma bai fi milimita uku da ɗan wani abu ba.

Amma afaca ba haske kaɗai take sarrafawa ba, ita ke yanke ko nawa ne daga cikin hoton zai fito sarai daga gaba zuwa baya. A f/1.8 idon mutum zai fito tangaran, kunnensa ya fara dishi-dishi, bangon bayansa kuma ya narke gaba ɗaya, irin hoton da amare ke so kenan. To amma mai koyo da ya ɗanɗana wannan sai ya liƙe masa, a tara 'yan uwa sahu uku a ce ya ɗauka ya bar ta a f/1.8, sahun gaba su fito na baya kuwa ba a gane fuskar kowa. Hoton taro yana son f/5.6 zuwa f/8. Kuma kar a ce tunda haka ne bari a matse har f/22, in ƙofar ta yi ƙanƙanta sosai haske na bazuwa a gefenta sai kaifin hoton duka ya ragu.

Lens ɗin da ake haɗowa da ƙananan kyamarori yawanci 18-55mm ne mai f/3.5-5.6, ma'ana in ka jawo abu kusa iyakar buɗewarsa f/5.6 ce. Shi ya sa ake yawan ba masu koyo shawarar 50mm f/1.8, yana cikin masu araha kuma hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan.

Shota

Ana auna shota da daƙiƙa: 1/1000, 1/500, 1/250, 1/125, 1/60, 1/30, 1/15 har zuwa daƙiƙa ɗaya cur, yawancin kyamarori suna kaiwa daƙiƙa 30 ta ɓangaren jinkiri da 1/4000 ko 1/8000 ta ɓangaren sauri. A allo sau da yawa 250 kawai za ka gani maimakon 1/250, in kuma ka ga 2" to daƙiƙa biyu ce cikakkiya, wannan ɗan bambancin ya ɓata hotuna ba adadi.

Motsi iri biyu ne shota ke fama da su. Akwai rawar hannun mai ɗauka, wadda tsohuwar ƙa'ida ta ce kar shota ta gaza tsawon lens, wato lens 50mm kar ka sauka ƙasa da 1/50, lens 200mm kar ka sauka ƙasa da 1/200, sai dai in lens ɗin ko kyamarar na da abin rage rawa ko ka ɗora ta a kan ƙafa uku. Sannan akwai motsin abin da ake ɗauka, shi kam abin rage rawa ba ya masa magani ko kaɗan. Mutum a zaune 1/125 ta isa, yara na wasa 1/500, dawakai a hawan sallah in sun sako sukuwa za su yi jafi sai 1/1000 ko sama da haka. Wani kuma da gangan yake sauka 1/30 ya riƙa bin dokin da kyamara yayin da yake wucewa, mahayin ya fito sarai jama'ar bayansa su zama jirwaye, ana jin gudun a cikin hoton. Dabara ce mai son maimaici, galibin ɗaukar farko zubarwa ake.

ISO

Sunan na hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ne, wadda a 1974 ta haɗe ma'aunin fim na Amurka ASA da na Jamus DIN. A zamanin fim in ka sa mai 100 ko 400 to da shi za ka zauna har ya ƙare, yanzu kuwa kowane hoto kana iya canzawa. Daga 100 zuwa 200 mataki ɗaya ne, haka 400, 800, 1600, 3200. Abin lura shi ne ɗaga ISO ba ya ƙara hasken da ya shiga, ƙarfafa ɗan abin da sensa ta samu kawai yake yi, shi ya sa hoton ke fitowa da yashi-yashi musamman a wurare masu duhu. Masu koyo suna tsoron wannan yashin fiye da kima, su ƙi wuce 400 a cikin ɗakin taro da daddare, shota ta sauka 1/15 kowa ya fito da fuska biyu. Hoto mai ɗan yashi a ISO 3200 ana gyara shi a kwamfuta kuma ana bai wa mai shi ya karɓa, wanda ya girgiza kuwa ba abin da za a yi masa.

Yadda suke haɗuwa

Akwai tsohuwar ƙa'idar rana da ake aiki da ita ko babu mita, wato na'urar auna haske: rana tsaka ba gajimare, sa f/16, shota kuma ta yi daidai da lambar ISO, wato a ISO 100 shota 1/100 ko 1/125. Daga nan sai musaya. f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000, f/2.8 da 1/4000, duk haskensu ɗaya amma hotunan ba ɗaya ba ne, na farko komai ya fito har bishiyar da ke can nesa, na ƙarshe mutum ɗaya ya fito motsinsa ya daskare. Zaɓin nan shi ne ainihin aikin mai hoto, kyamara ba ta san wanne kake so ba.

Mita da farar shadda

Mitar da ke cikin kyamara hasken da ya dawo daga jikin abu take aunawa, kuma an gina ta ne a kan zaton cewa in aka gauraya duk abin da ke gabanta zai ba da ruwan toka matsakaici, wanda ake kwatantawa da kati mai mayar da kashi 18 cikin 100 na haske. Ba ta san fari ba ba ta san baƙi ba, duk toka take son mayar da su.

Ga ango ya sha babbar riga ta farar shadda, an fito ƙofar gida bayan ɗaurin aure rana na tsakiya, rigar ta cika kusan duk hoton. Mita na ganin wannan farin sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta fito kamar an wanke ta da ruwan toka, fuskarsa kuwa da ma fata ce mai duhu ga inuwar hula a goshi, sai ta nutse ba a ganin ido. Maganin farko shi ne maɓallin nan mai alamar +/-, a ƙara +1, wani lokaci har sama da haka. Sai dai ana ƙarawa aikin da ke wuyan rigar zai fara ɓacewa, don tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da fuska a inuwa ta kan fi abin da sensa ke iya ɗauka lokaci guda. A nan saiti kaɗai ba ya isa, sai a ce ango ya matso inuwar zaure ko ƙarƙashin rumfa, ko a kunna filasha da rana tsaka ta ɗan cike fuskar. Akasin haka ma na faruwa, mace cikin baƙar abaya a gaban bango mai duhu, mita za ta ƙara haske baƙin ya koɗe, sai a rage zuwa -1. Da za a fara koya wa kowa wannan maɓallin tun ranar farko da an huta da ɓarna mai yawa.

Allon bayan kyamara ba abin dogaro ba ne, a rana yana nuna duhu da daddare yana nuna haske. Histogiram ya fi gaskiya, wani ɗan zane ne mai kama da tsauni, hagu duhu dama haske, in ya je ya jingina da bangon dama to wani wuri ya ƙone. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ma na taimakawa, JPEG, wato hoton da ta riga ta sarrafa, matakan haske 256 yake ajiyewa a kowane launi, RAW mai bit 12 kuwa 4096, mai 14 kuma 16384, don haka an fi samun abin cetowa daga inuwa. Farin da ya ƙone ƙurmus dai ba ya dawowa.

Haruffan kan kyamara

Haruffan nan yanayin ɗauka suke nunawa. In ka sa P kyamara ke zaɓar afaca da shota. A, ko Av a kyamarorin kamfanin Canon, kai ka zaɓi afaca ita ta nemo shota. S, ko Tv a Canon, kai ka zaɓi shota. M komai a hannunka. Akwai masu ganin sai wanda ke aiki da M ne ƙwararre, wannan ba haka ba ne, ƙwararru da yawa a A suke wuni suna gyarawa da +/-. M ta fi amfani inda haske ba ya canzawa kamar situdiyo, ko in ana aiki da filasha, wadda ita ma tana da iyaka, yawanci 1/200 ko 1/250, in shota ta wuce nan sai baƙin layi ya yanke gefen hoton.

Wutar lantarki ma na da nata. A Najeriya da Nijar da Ghana wutar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, wasu fitilun suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ido ba ya gani amma kyamara na gani, sai ratsi-ratsi su fito musamman a bidiyo. Sa shota a 1/50 ko 1/100 yakan kawar da shi.

A waya kuwa galibi afaca a kafe take ba ta motsi, shota da ISO kawai ake iya taɓawa a sashen Pro na wayoyin da ke da shi, narkewar bayan nan da ake gani a hoton mutum manhaja ce ke ƙirƙirar ta, shi ya sa wani lokaci take cinye gefen ɗankwali ko bakin hula.