Ofgired ɗin Ubuntu ya tsaya a rabi, apt na ta ƙorafin fakej ya karye: ya zan yi?

Tun da aka buɗe hanyar tashi daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, wato bayan fitowar 24.04.1 a ƙarshen Agustan 2024, tambayoyin nan ne dai ke ta maimaita kansu, to bari in haɗa su waje ɗaya. Masu Debian da Linux Mint ma ya shafe ku tunda duk apt da dpkg ne a ƙasa, wato kayan da ke saka fakej (ƙunshin manhaja) a injin, amma misalan na Ubuntu ne.

Wai meye bambancin apt da dpkg, kuma don me sai lokacin ofgired suke rikicewa?

dpkg shi ne mai aikin hannu, shi ke buɗe fayil ɗin .deb ya zuba abin da ke ciki a inda ya dace, ya gudanar da 'yan rubuce-rubucen da suka zo da fakej ɗin irin su preinst da postinst, sannan ya rubuta halin da kowane fakej ke ciki a /var/lib/dpkg/status. Shi kuma apt lissafi ne nasa, wane fakej ne ya dogara da wane, wace siga ake buƙata, daga wace ma'ajiya za a sauko da ita. A rana ta yau da kullum fakej goma ko ashirin kake sabuntawa, lissafin ba wuya. Ranar ofgired kuwa kusan komai ne zai canza, tun daga libc6, laburaren da kusan kowace manhaja ke dogara da shi, har zuwa abin da kake gani a allo, kuma injin na kunne ana yi, kamar sake rufin ɗaki ne mutane na zaune a ciki. Sannan dpkg matakai biyu yake bi, ya fara kwance fakej tukunna daga baya ya dawo ya saita shi, to duk abin da ya katse shi tsakanin matakan nan biyu zai bar ka da ɗaruruwan fakej an kwance su ba a saita ba.

An ɗauke wuta batir ya mutu ana tsaka da yi. Shikenan sai sabon instol?

A'a malam, kar ka yi gaggawar goge komai. In an katse ne tun ana saukewa to babu abin da ya lalace, abin da ya riga ya sauka yana nan a /var/cache/apt/archives, datarka ba ta tafi a banza ba. In kuma an fara sakawa ne, da ka taɓa apt zai ce maka "dpkg was interrupted, you must manually run 'sudo dpkg --configure -a'", kuma abin da ya ce ɗin shi za ka yi. Bayan ya gama sai `sudo apt --fix-broken install`, sannan `sudo apt update` da `sudo apt full-upgrade`. Jerin yana da muhimmanci fa, dpkg ne farko, don apt ba zai iya lissafi a kan abin da bai kammalu ba. Wani lokaci sai ka zagaya sau biyu ko uku kana maimaita su, kowane zagaye fakej ɗin da suka maƙale na raguwa, wannan ba matsala ba ne. Ka duba `sudo dpkg --audit` ka ga me ya rage. A jerin `dpkg -l` kuma, ii lafiya lau ne, rc an cire fakej saura fayilolin saitinsa kawai shi ma ba damuwa, amma iU da iF su ne waɗanda aka bari a hanya.

Yana ce min "Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend". Na ga ana cewa a goge fayil ɗin.

Don Allah kar ka fara da gogewa. Makullin nan an sa shi ne don kar shirye-shirye biyu su riƙa rubutu a rumbun dpkg lokaci guda, kuma mafi yawan lokaci unattended-upgrades, mai sabunta fakej da kansa, ne ke aikinsa a ɓoye bayan ka kunna injin. Saƙon kansa yana faɗa maka lambar aikin da ke riƙe da shi, ko ka duba da `sudo lsof /var/lib/dpkg/lock-frontend`. In akwai mai riƙe da shi ka jira ya gama, in ya daɗe ka leƙa /var/log/dpkg.log ka ga ko yana motsi. Goge makulli alhali dpkg na tsaka da rubutu shi ne hanyar da ake lalata fayil ɗin status, wanda gyaransa ya fi na farko wahala nesa ba kusa ba.

To "unmet dependencies" da "you have held broken packages" fa? Ni ban riƙe komai ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Saƙon yana ruɗa mutane don sau da yawa ba abin da ka riƙe, amma dai ka tabbatar da `apt-mark showhold`, in wani suna ya fito ka sake shi da `sudo apt-mark unhold`. In bai fito da komai ba, to abin da apt ke nufi shi ne ya yi lissafi ya kasa samun haɗin sigogin da zai gamsar da kowa, kuma a abin da na saba gani mai laifin kusan kullum wani abu ne da ka shigo da shi daga waje, ko PPA (ma'ajiyar fakej ta wani mutum, ba ta Ubuntu ba), ko ma'ajiyar wani kamfani, ko .deb da ka sauko da shi da hannu shekara biyu da suka wuce ka manta da shi.

Ga yadda abin ke faruwa. do-release-upgrade, kamand ɗin da ke yin ofgired ɗin, yana kashe duk ma'ajiyun waje kafin ya fara, amma fa ba ya cire fakej ɗin da ka riga ka saka daga can. To a ce PPA ya ba ka wani laburare mai lambar siga sama da wadda 24.04 ta zo da ita, apt ba ya komawa baya da kansa, sai ya bar naka, shi kuma naka an gina shi ne a kan kayan 22.04 da yanzu babu su, duk wanda ya dogara da shi sai ya maƙale. Maganin shi ne bin sawu. Ka karanta layin da ya ce wane "Depends:" wane "but it is not going to be installed", ka ɗauki sunan na biyun ka ce `sudo apt install` shi kaɗai, zai ba ka sabon ƙorafi a kan wani fakej ɗin, ka bi shi ma, haka haka har ka iso kan wanda ke cewa "but it is not installable" ko sigar da ake so ta saɓa da wadda ke ciki. Shi ne tushen. Sai ka yi `apt policy` da sunansa, in ka ga sigar da ke kan injinka babu wata ma'ajiya a ƙarƙashinta sai /var/lib/dpkg/status kawai, to maraya ne, ba wanda ke kula da shi yanzu. Ko ka cire shi ko ka mayar da shi sigar Ubuntu da `sudo apt install suna=siga`. In ofgired ɗin ne ma ya ƙi farawa, `grep Broken /var/log/dist-upgrade/apt.log` zai jero maka su, layukan suna da yawa amma sunan da ya fi maimaituwa shi za ka fara zargi.

Akwai kuma wani abu na musamman da 24.04. Saboda matsalar agogon 32-bit da zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, Debian da Ubuntu sun sake gina laburare masu yawa suka ƙara musu t64 a suna, libssl3 ya koma libssl3t64, libasound2 ya koma libasound2t64. Shi ya sa in ka kwafo tsohon kamand ka ce a saka libasound2 sai apt ya ce "has no installation candidate" ya nuna maka zaɓi biyu, wanda kake so shi ne mai t64 ɗin. Wasu kuma an cire su ne gaba ɗaya kamar libncurses5, to duk tsohuwar manhajar da ke nemansa sai ka nemo sabuwar sigarta daga masu ita. Abin da ba na so in ga mutum ya yi shi ne ya ƙara ma'ajiyar jammy (22.04) a kan noble (24.04) don ya samu laburare ɗaya, yau zai yi aiki, wata uku nan gaba shi ne zai dawo da rikicin da ya fi wannan.

dpkg ya ce "trying to overwrite" wani fayil, "which is also in package" kaza.

Fakej biyu ne ke ikirarin fayil ɗaya. Saƙon ya ba ka sunan tsohon, in na waje ne ka cire shi da `sudo dpkg -r` ka sake gwadawa. In ya ƙi ciruwa saboda wasu sun dogara da shi, nan ne kawai nake yarda da `sudo dpkg -i --force-overwrite` a kan wannan .deb ɗin guda ɗaya da ke /var/cache/apt/archives, ka biyo shi da --fix-broken. Amma --force-all da ake ta rabawa kamar maganin komai, wallahi ka nisance shi, yana kashe duk wani binciken da dpkg ke yi don kare ka.

Ɗan'uwan wannan shi ne "post-installation script subprocess returned error exit status 1". Layin ƙarshe mai cewa "dpkg returned an error code (1)" ba ya gaya maka komai, ka hau sama ka nemo kuskuren farko, galibi wani sabis ne ya ƙi tashi ko DKMS, mai sake gina direbobin waje, ya kasa gina direba wa sabon kanel (zuciyar Linux), masu Nvidia da VirtualBox sun san wannan. Rubutun da ya faɗi ɗin yana /var/lib/dpkg/info, sunan fakej da .postinst a ƙarshe, kana iya buɗe shi ka karanta me yake ƙoƙarin yi.

apt ya ce zai gyara amma zai cire fakej da yawa. In danna Y?

Ka karanta jerin tukunna. In ka ga ubuntu-desktop ko gdm3 ko network-manager ko systemd a cikin waɗanda za a cire, ka ce a'a. A 2021 Linus Sebastian na YouTube ya zo saka Steam, manhajar wasanni, a Pop!_OS da aka gina a kan Ubuntu, apt ya gargaɗe shi zai cire muhimman fakej, ya rubuta "Yes, do as I say!" kamar yadda aka nema, ya wayi gari ba allon aiki. Bayan nan an ƙara tsaurara apt a kan cire irin waɗannan fakej, amma ba duk abin da kake buƙata ne ke cikin kariyar ba. Ka saba da sa -s, misali `apt -s full-upgrade`, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. aptitude, wani ɗan'uwan apt, ma yana da amfani a nan don in ka ƙi shawararsa ta farko zai kawo wata, sau da yawa ta biyu ko ta uku ita ce mai cewa a mayar da fakej ɗaya baya maimakon a cire hamsin.

apt update na ba ni 404, wani lokaci NO_PUBKEY.

In 404 ɗin daga ma'ajiyar Ubuntu ce kanta to mai yiwuwa kana kan sigar da wa'adinta ya ƙare, waɗanda ba LTS (masu dogon tallafi irin su 22.04 da 24.04) ba wata tara kawai ake tallafa musu, 23.10 misali ta ƙare a Yulin 2024, ana kwashe su zuwa old-releases.ubuntu.com sai ka canza adireshin. Ka lura a 24.04 jerin ma'ajiyun ya koma /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources. In daga PPA ce to mai ita bai gina wa sigarka ba, ka kashe ta. NO_PUBKEY makullin sa hannun ma'ajiyar ne babu, ka ɗauko daga shafin masu ita ka ajiye a /etc/apt/keyrings ka nuna shi da signed-by, apt-key an daina yayinsa. "Hash Sum mismatch" kuma yawanci intanet ce ta yanke ko ta kawo tsohon kwafi, ka share abin da ke cikin /var/lib/apt/lists ka sake update.

Ya ce "Your python3 install is corrupted" alhali Python ɗina na aiki.

Ka taɓa canza inda /usr/bin/python3 ke nunawa ke nan. Kayan ofgired ɗin da Python aka rubuta su kuma wanda Ubuntu ta zo da shi suke so, 3.10 a 22.04, 3.12 a 24.04. Ka mayar da shi yadda yake kafin ka ci gaba, aikinka kuma ka riƙa yinsa a venv, keɓaɓɓen wajen Python da ba ya taɓa na injin.

Allo ya yi baƙi bayan ristat, tamina ma ban samu ba.

Gwada Ctrl+Alt+F3 ko zai ba ka wajen shiga. In bai yi ba ka shiga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin da injin ke tashi, sai Advanced options, ka zaɓi tsohon kanel ko recovery mode, a ciki akwai zaɓin dpkg mai gyara fakej, ka kunna network kafin nan. Da ka shiga ka fara da `df -h`, don /boot da ya cika yana hana a gama gina initramfs, fayil ɗin da kanel ke buƙata wajen tashi, kuma hakan kaɗai ya isa ya hana injin tashi, tsofaffin kanel ne ke cika shi, `sudo apt autoremove --purge` na kwashe su bayan dpkg ya daidaita. In duk sun ƙi sai filas mai Ubuntu, ka tashi da shi, ka kwashe fayilolinka zuwa wani waje kafin komai, sannan ka ɗora faifan a /mnt, ka haɗa /dev da /proc da /sys da /run da `mount --bind`, har da /boot da /boot/efi in a ware suke, ka yi `chroot /mnt` ka bi jerin nan na sama da ya fara da `dpkg --configure -a`, ka rufe da `update-initramfs -u -k all` da `update-grub`.

Wanda bai fara ba tukunna fa?

Ka ɗauki kwafin fayilolinka, Timeshift mai ajiye kwafin tsarin injin ma in da hali. Ka cire PPA da ppa-purge tun ma'ajiyar na kunne, don shi ke mayar da fakej ɗin zuwa sigar Ubuntu, bayan ofgired ya kashe ta aikin ya koma na hannu. Ka yi full-upgrade ka yi ristat, ka tabbata batir cike yake kuma akwai wutar da za ta kai ka awa biyu ko uku. In saba ce da kake shiga daga nesa ta SSH, do-release-upgrade zai buɗe maka wata ƙofar a lamba 1022 ko da ta farko ta yanke, ka tabbata ba ka toshe ta ba, kuma ka yi aikin a cikin tmux ko screen, masu riƙe aiki ko da haɗin ya yanke. In ya tambaye ka kan fayil ɗin saiti da ka taɓa gyarawa, kamar sshd_config, ka duba bambancin kafin ka zaɓa, in ba ka da tabbas ka riƙe naka, sabon ana ajiye maka shi a gefe a folda ɗaya da .dpkg-dist ko .ucf-dist a ƙarshen sunan sai ka kwatanta su daga baya.