Na'urorin Koyar da Jijjigar Injina

Na'urorin koyar da jijjiga kayan gwaji ne da ake ajiyewa a sashen injiniyan kanikanci na jami'o'i da kwalejojin fasaha, domin ɗalibi ya ga da idonsa abin da ya lissafa a allo. Galibi firam ɗin ƙarfe ne guda, ana ɗaura masa kaya iri-iri ana kwancewa.

Mafi sauƙinsu shi ne lilo, wato ƙwallon ƙarfe a jikin zare. Mai tsawon mita 1 yakan ɗauki kusan daƙiƙa 2 ya je ya dawo, kuma nauyin ƙwallon ba ya sauya wannan lokaci. Sai sifirin da aka rataya wa nauyi: idan aka ninka nauyin sau 4, saurin jijjigarsa yakan ragu zuwa rabi.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na sandar ƙarfe. Ana ɗaure ƙaramin injin lantarki a kanta, mai juya faifan da aka huda gefe guda don nauyinsa ya karkata. Ana ƙara gudun injin a hankali. Da farko sandar ɗan rawa kawai take yi, amma da zarar gudun ya dace da saurin jijjigar da sandar ke da shi a ɗabi'arta, sai ta kama karkarwa har firam ɗin ya ɗauka. A ƙara gudun kuma, sai ta lafa, abin da ɗalibai da yawa ba sa tsammani. Daga nan a haɗa mata silinda mai fistan a cikin mai, irin aikin shakazobar mota, a ga yadda karkarwar ke raguwa. Tsofaffin na'urori alƙalami ne ke zana motsin a kan takarda mai juyawa; yanzu ana manna ƙaramin ma'auni ya aika wa kwamfuta.

Akwai kuma na'urar gwada siririn shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa a inji, wanda ke lanƙwasa idan ya kai wani gudu. Har yau ana koyar da ƙa'idar da wani injiniya ɗan Birtaniya mai suna Dunkerley ya wallafa a 1894 don kintatar wannan gudu.

Matsalar ba ta injina kaɗai ba ce. A shekarar 2000 an rufe Gadar Millennium ta Landan kwana 2 da buɗe ta, saboda takun masu tafiya ya sa ta tangaɗi. Sai a 2002 aka sake buɗe ta, bayan an sanya mata na'urorin rage jijjiga.